Ranar da Na Durƙusa wa Surukina a Filin Ƙwallon Kalgo

Abubuwa da dama sun zube mini daga ka tun da furfura ta fara cin gemuna, amma ba zan taɓa mantawa da yammacin da na durƙusa a filin ƙwallon Kalgo ba, usur na reto a wuyana, gwiwoyina a waje, jama'ar gari biyu sun zuba mini ido. Har yau idan hanya ta bi da ni ta bayan makarantar da filin yake, sai in ji ƙafata ta ƙara sauri ba da shawarata ba.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gwandu, lissafi da safe, wasannin motsa jiki bayan an tashi tara. Daga raba faɗan yara a fili na fara busa usur, har aka tura ni wani ɗan kwas a Sakkwato na dawo da baƙar riga da baƙin gajeren wando da katuna biyu a aljihu. Daga ranar na zama alƙalin wasa, kuma in faɗa muku gaskiya, kaina ya fi hulata girma. Ba a daɗe da ba mu jiharmu ta Kebbi ba, gasar ƙwararru ta ƙasa ita ma tana sabuwa, kowane matashi na ganin gobe shi za a ji a rediyo. Tare da labarin wasannin kuma sai wani labari ke biyowa a bakin mutane, wai ana sayen alƙalai, wai ana bin mai tsaron gida har masauki a ga bayan wasa tun ba a take ƙwallo ba, wai ƙungiyar da ke gida ba ta shan kashi sai in shugabanta marowaci ne. Ba wanda ya taɓa gani da idonsa a cikinmu, amma kowa na da ɗan'uwan da ya gani.

A majalisarmu ta teburin mai shayi, bakin tasha, ba wanda ya kai ni zafi a kan wannan magana. Nakan bugi benci in ce duk alƙalin da ya sayar da wasa ya sayar da uwarsa. Nakan ce ni dai ba a haifi mai sayena ba. Garin da zan yi alƙalanci ko ruwan randarsu ba na sha, da gorata nake zuwa, goro kuwa in an miƙo sai in ɗaga hannu kamar an miƙo mini garwashi. (Akwai wani tsoho a Masama da na ƙi karɓar goronsa a gaban mutane, ashe bai ma san ana wasa a ranar ba, baƙo kawai ya gani. Allah ya yafe mini.) Har suna aka sa mini, Malam Ba-sani-ba-sabo, ni kuwa ina jin daɗinsa fiye da sunan da aka raɗa mini.

To, matata 'yar Kalgo ce. Mahaifinta (ba zan faɗi sunansa ba, har yau bakina bai iya ba) manomin shinkafa ne a fadama, mai almajirta daidai gwargwado, mutum ne da zai wuni bai yi magana goma ba, amma kowacce in ta fito sai an zauna an juya ta. Lokacin da nake neman auren wani ya kai masa labari cewa ina bin yara da gudu cikin wandon da bai rufe gwiwa ba. Sai ya ce wa kawuna, "Ni malamin makaranta nib ba ɗiyata, ba ɗan ƙwallo ba." Tun daga nan na raba rayuwata gida biyu. In zan je Kalgo gaisuwa sai in zuba babbar riga, in tuɓe takalmi tun daga nesa da ƙofar zaure, in durƙusa, idona a kan tabarma har a sallame ni. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ambaton ƙwallo ba, kuma da za a tambaye ni kalar idonsa a lokacin da ban sani ba. Ba tsoro ba ne kawai. Ina ganin girmansa ƙwarai, kuma a can ƙasan raina ina son ranar da zai dube ni ya ga ban zama asara ga 'yarsa ba.

A shekarar aka shirya gasar kofi tsakanin garuruwan yankinmu, wasan ƙarshe ya faɗo tsakanin matasan Gwandu da na Kalgo, a filin Kalgo. Aka yi ta ja-in-ja a kan wanda zai busa. Duk wanda aka ambata sai ɓangare ɗaya ya ce bai yarda ba, har wani ya kawo sunana. Mutanen Gwandu suka ce ɗansu ne, mutanen Kalgo suka ce surukinsu ne, kowa ya amince. Aka kuma gaya mini cewa wani babba zai zo daga Birnin Kebbi ya zauna ya kalli alƙalancin, domin sabuwar jiha na neman waɗanda za ta miƙa sunansu su riƙa busa manyan wasanni. Wannan shi ne abin da na daɗe ina mafarki. Na wanke baƙar rigata na goge ta da dutsen guga har sai da aljihun ya fara ƙyalli.

Matata kuwa tana can gidansu a Kalgo, ta je haihuwar fari, ta sami 'ya mace, an yi suna, tana ƙarasa wankan jego. Ranar wasan ban ko bi ta unguwarsu ba, kada a ce an ga alƙali ya shiga gidan 'yan Kalgo. A wani aji na makarantar na tuɓe dogon wandona na sa gajere. Hankalina kwance yake, don na san Baba, surukin nawa, ba ruwansa da ƙwallo. Bayan la'asar yana zaurensa da carbinsa, ko yana fadama yana duba ruwa.

Filin rairayi ne, an ja layuka da toka, an kewaye shi da igiya. Turakun gida na bututun ƙarfe ne, kuma babu raga a jikinsu (ku riƙe wannan, don a nan duk masifar take). Masu ɗaga tuta biyu, ɗaya ɗan Gwandu ɗaya ɗan Kalgo, haka aka yi sulhu. Jama'a ta cika maƙil, har kan katanga da rassan darbejiya. Babban da ya zo daga Birnin Kebbi na zaune a kujerar hedimasta a ƙarƙashin rumfa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Rabin farko ya tafi yadda nake so. Ba a ci kowa ba. Wani ɗan kawun matata da ke buga wa Kalgo baya ya yi wa ɗan wasanmu ƙafa, laifin da jan kunne ya ishe shi, amma na zaro katin gargaɗi na ɗaga shi sama har ina miƙewa a kan yatsun ƙafa, ina satar kallon rumfa in ga ko an lura. An lura, babban ya gyaɗa kai. A hutun rabin lokaci na sha ruwan gorata ni kaɗai a tsakiyar fili, ina jin duk ƙasar nan ba mai gaskiya sai ni.

An dawo, rana ta yi sanyi, wasa ya yi nisa har an fara tunanin bugun fanareti. 'Yan Kalgo suka kwaso ƙwallo ta gefe, na biyo su da gudu ta kusa da igiya don in ga abin da zai faru a gaban gidan Gwandu. Ina cikin gudun sai na ji gyaran murya dab da kunnena, sannan wata murya da ko a cikin kasuwa zan gane ta ta ce, "Malam."

Na waiga. Baba ne tsaye a bakin igiya cikin farar riga da rawani, da wasu dattawa biyu abokansa, ɗaya na dogare da sanda.

Na sha tambayar kaina me na yi tunani a wannan lokacin, kuma amsar ita ce ban yi tunanin komai ba. Jikina ne ya yi abin da ya saba. Usur ya faɗo daga bakina, na zube a kan rairayi, na sa hannu biyu ina jan bakin wandon nan ƙasa ko zai rufe gwiwa (wandon da telan ya rantse mini irin na manyan alƙalai ne, ko kusa bai kai ba), na sunkuyar da kai na ce, "Barka da yamma, Baba."

"Barka kadai, Malam. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

"Ya mutanen Gwandu? Kun taho lahiya?"

"Lafiya lau, Baba."

Wanda ya tashi a wajenmu ya san ƙarami ba ya yanke gaisuwar babba, balle ta suruki. Sai babba ya sauke ta da kansa. Baba kuwa bai san akwai wani abu na gaggawa a bayana ba, shi dai ya ga yara na guje-guje. Yana cikin tambayar lafiyar kawuna sai filin ya ɗauka da wata irin kururuwa da ta girgiza ƙasar da nake durƙushe a kai.

Na miƙe na juya. Ƙwallo na can tana gangarawa nesa a bayan turaku, wajen wani shingen kara. 'Yan Kalgo sun rungume juna suna tsalle. Mai tsaron gidan Gwandu ya ɗaga hannu yana nuna wajen turke yana rantsuwa. Mai tutar wannan ɓangaren, ɗan Kalgo, ya jefar da tutar yana rawa. Ta ciki ta bi ko ta waje? Da akwai raga da ragar ta faɗa. Babu, sai idon alƙali, shi kuwa alƙali yana ƙidaya tsakuwa a gaban takalmin surukinsa.

Kyaftin ɗin Gwandu, Sani Dogo, wanda ni na koya masa lissafi a aji huɗu, ya rugo wurina yana haki. "Malam, waje tab bi! Wallahi waje tab bi! Ka gani ko?"

A daidai nan na ji ɗaya daga cikin dattawan nan a bayana yana tambaya, "Wanga shi na alƙalin?" Na kuma ji Baba ya amsa da wata murya da ban taɓa jin ya yi magana a kaina da ita ba, "Shi na. Duk abin da yac ce, shi ke nan."

Na dubi rumfa, babban ya sauke ƙafarsa ya tsura mini ido. Na san doka sarai. Na san zan iya kiran kyaftin biyu da masu tuta in ce ban gani ba, kuma abin da alƙali bai tabbatar ba ba ya zama ci. Za a yi hayaniya, za a yi mini dariya, amma nan za ta tsaya. Sai dai kalmomin nan sun yi mini nauyi a baki. In ce ban gani ba, ni Ba-sani-ba-sabo, a gaban mutumin Birnin Kebbi, a gaban Baba da ya yi shekaru yana ganin aikin nan shashanci ne, yau kuma ya kwaso abokansa su zo su gani? Na mayar da usur baki, na busa, na nuna tsakiyar fili.

"Malam, ka gani?" Sani ya sake tambaya, wannan karon a hankali.

Na ce, "Na gani."

Ya dube ni tun daga gwiwoyina da rairayi ya manne musu har fuskata. "Ƙasa kaka kallo, Malam. Kowa ya gan ka." Ya juya ya tafi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Haka aka tashi, ɗaya da nema. Ba wanda ya jefe ni, ba wanda ya taɓa ni. Motar da ta kawo mu daga Gwandu dai ta tashi ba tare da ni ba. Ina tsaye a bakin ajin da na bar kayana sai babban nan ya zo wucewa, ya tsaya ya ce, "Malam, wane ne dattijon da ka gaisar?"

"Surukina ne, ranka ya daɗe."

"Mutumin nan garin?"

"Na nan ne."

Ya ce, "To, Allah ya huta gajiya." Ya shiga motarsa. Ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Kafin in isa Gwandu washegari labarin ya riga ni, ya yi wanka ya sa kaya. Wai tsohon ya zo ne ya tuna mini alkawari. Wai durƙuson alama ce da aka shirya, in na zube a buga. Wani ma ya rantse ya ga an sa mini abu a aljihu. Duk maganganun da na yi shekara ina zubawa a teburin mai shayi aka tattaro su aka dawo mini da su ɗaya bayan ɗaya. In na iso majalisa sai hira ta mutu, mai shayi ya zuba mini ba tare da ya tambayi yawan sukari ba. A makaranta, ina shiga aji wasu yara suka zube ƙasa suna jan bakin wandonsu suna cewa barka da yamma, alhali da sassafe ne. Ban iya ko ɗaga bulala ba.

Na yi zaton abin zai huce, sai ga ranar dawowar matata. Al'ada ce in mace ta gama wankan haihuwar fari a gidansu a rako ta da gara, kuma Baba, da yake jikarsa ta fari ce ta wajen wannan 'yar, ya buɗe rumbu bai ji tausayinsa ba. Da rana tsaka, ranar kasuwa, a-kori-kura ta shigo Gwandu da buhunan shinkafa jibge, da garewanin mai, da fantekun alkaki da nakiya, da tunkiya ɗaure a baya, mata na rangaɗa guɗa. Hanyar gidana kuwa dole sai ta gaban teburin mai shayi. Ina tsaye a ƙofar gida na ji wani ya ɗaga murya daga can, "Jama'a, ku taho ku gani, ladan usur ya iso!"

Abin da ya fi ci mini rai ya biyo baya. Matata, da ba ta san komai ba, ta kasa garar a kwanoni ta aika wa maƙwabta kamar yadda ake yi. Wasu suka karɓa shiru. Mahaifiyar Sani Dogo, wadda ita ta yi mata rakiya asibiti lokacin da cikin ke wahalar da ita, ta dawo da kwanon a rufe yadda aka kai shi, da saƙon cewa sun gode, sun ƙoshi. Na shiga ɗaki na tarar da matata zaune da jaririya a cinya, kwanon a gabanta, hawaye na zuba. Ta ce, "Malam, mi munka yi ma mutanen ga?" A ranar na san cewa sunan da na ɓata ba nawa ni kaɗai ba ne.

Kwamitin wasanni na garinmu ya kira ni. Suka ce in faɗi abin da ya faru tsakanina da Allah. Na zauna a kan bencin yara, manyan mutane a gabana, matasa cike da tagogi. Na ce abin da na gani shi na hukunta, ba ni da ƙari. Na gaya wa kaina cewa ina kare Baba ne, kada in jefa sunan dattijo a bakin yaran da ke zage-zage. Akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce. Ɗaya rabin shi ne wanda ya yi ƙarya a gaban dubban mutane yana jin kunyar warware ta a gaban goma. Suka ce in ajiye usur har sai an ga hali. Na ciro shi daga wuya na ɗora a kan tebur, igiyar duk ta yi baƙi da gumina.

Matata ta gaya wa mahaifiyarta zancen kwano, ita kuma ta gaya wa Baba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina rakuɓe a ƙarshen benci a majalisa (na ci gaba da zuwa, don rashin zuwa ma amsa laifi ne), sai na ga mutane na miƙewa. Baba ne, shi kaɗai, da buta a hannu. Mutumin da tun da aka ɗaura aurenmu bai taka Gwandu ba, don ba girman suruki ba ne ya riƙa bin gidan 'yarsa. Na zame zan zube, ya ce, "Tashi, Malam. Yau tsaye nika son ka."

Aka ba shi wuri ya ƙi zama. Ya gaisa da jama'a, sannan ya ce, "Ni ban san ƙwallo ba, ban san dokatta ba. An ce min gari biyu sun rasa wanda za su yarda da shi sai surukina. Nij ji daɗi, nic ce bari in kai abokaina su gani da idonsu. Ni nik kira shi, ban san ba a kiran mutum cikin aikin ga ba. Shinkahwa kuwa ta jikata ta, tun ba a san za a yi wasa ba anka ware ta. Wanda yac ce sayen surukina niy yi, ga ni, shi hwaɗa min a ido."

Ba wanda ya yi tari. Ni kuwa wani sanyi ya ratsa ni, na ce a raina shi ke nan, an wanke ni. Ashe bai gama ba. Ya juyo ya dube ni, ranar na fara ganin idonsa sosai.

"Malam, ga mutanenka. Ƙwallon ga, ka ga ta shiga?"

Na dubi jama'a. Sani Dogo na tsaye a bayan mai shayi ya harɗe hannu. Zan iya yi wa kwamiti ƙarya, na yi wa fili guda, amma wannan tsohon da ya biyo mota tun daga Kalgo ya ajiye girmansa a bakin tasha saboda ni, ban iya ba.

"Ban gani ba, Baba."

"To mi yas sa kac ce ka gani?"

"Kunyarku, Baba."

Ya girgiza kai. "A'a. Kunyata tas sa ka durƙusa, wannan na karɓa, Allah shi yi ma albarka. Ƙaryar kuwa kada ka aza min ita. Taka ta."

Na ji kunya a filin Kalgo, na ji ta ranar gara, amma duk wasa ne a kan wannan. Kuma abin mamaki, a cikin kunyar na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Na juya wajen Sani na ce ya yafe mini, shi da yaransa, sun yi wata da watanni suna motsa jiki na zubar musu da wahalarsu. Ya ce, "Malam, da ka hwaɗi haka tun ranar, da dariya kawai za mu yi maka." Wani a baya ya ce ai yanzu ma ba a makara ba, aka ɗan yi dariyar, ta farko da aka yi da ni a wurin tun bayan wasan.

Na raka Baba mota, ina bin sa a baya riƙe da butarsa. Da zai shiga ya tsaya ya ce, ba tare da ya waigo ba, "Daga yau in ka gan ni kana bakin aikinka, na yahe maka gaisuwa."

Na ce, "Na gode, Baba." Ban iya gaya masa cewa aikin ya riga ya tafi ba. Sunayen da za a miƙa an miƙa, kwamitinmu kuwa daga baya ya ce alƙalin da ya furta da bakinsa cewa ya ba da cin da bai gani ba, ko ba a saye shi ba, ba a sake ba shi usur. Ban yi musu ba, don da ni ne a kujerarsu abin da zan yanke ke nan, har da bugun benci.

Da yamma mahaifiyar Sani ta aiko a ba ta kwanonta na gara. Alkakin ya riga ya bushe, matata ta zuba mata shinkafa ta kai da kanta. Yawancin mutane sun sauko, wasu kuwa har suka tsufa suna cewa tsohon wayo ya zo ya yi. Ƙwallon kuma, na tambayi wanda ya buga ta na tambayi mai tsaron gidan bayan duk sun yi furfura, kowannensu ya rantse mini a kan abin da ya faɗa tun farko. Har gobe ban san ta inda ta bi ba.

Baba ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, har ya ga auren jikar nan tasa. Ko sau ɗaya ban sami damar amfani da rangwamen da ya yi mini ba. Ranar da muka kai shi makwancinsa na durƙusa a bakin kabarin, cikin dogon wando, na daɗe ban tashi ba.

Yanzu in na leƙa gidan kallon ƙwallo na ji yara na ihu an sayi alƙali, ba na cewa ƙarya suke, don na san ana yi. Shiru kawai nake, ina tuna yadda na yi shekaru ina gadin kaina daga ambulan ɗin kuɗi da goro da ruwan randa, ashe ba sai an kashe ko kwabo a kaina ba, son a ce na iya ya isa ya saye ni. In matashi ya zo ya ce yana son alƙalancin wasa, nakan ce masa ya koyi cewa ban gani ba tun kafin ya koyi busa usur. Sannan in ce ya binciki inda surukinsa zai yi sallar la'asar a ranar. Sukan yi dariya a kan na biyun, ni kuma ina kallonsu in ga ko sun ji na farkon.